Yadda ake gwajin HIV da rubuta sakamakonsa, daga buɗe kwali har rahoton ƙarshen wata

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya, musamman ƙannenmu da aka turo sababbi ɗakin gwaji a ƙananan asibitocin jihar Kebbi, tun daga Yauri da Zuru har Kamba bakin boda. Na daɗe ina son in zauna in rubuta wannan abu, don kullum in aka kawo mana sabon ma'aikaci sai in ga ya iya huda yatsa tsaf ya iya ɗiga jini, amma da an zo wajen faɗin sakamako da cika rajista sai ya fara kame-kame, ko ya ce bari sai an tashi aiki ya cike gaba ɗaya. To nan ne ɓarnar take shigowa. Na kwashe shekaru ina wanga aiki kuma kusan duk abin ɓacin ran da na gani a cikinsa daga bakin ma'aikaci ya fito ko daga bironsa, tsinken gwajin shi kam in ka bi ƙa'idarsa da wuya ya ba ka kunya. Zan bi abin daki-daki yadda muke yinsa a yini, ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Kafin mutum na farko ya shigo

Da safe tun kafin ka ce na farko ya shigo, buɗe kwalin kit ɗinka ka duba lambar lot, wato lambar rukunin da kamfani ya ƙera su tare, da ranar ekspaya, ka rubuta su a saman takardar aikin yini wadda muke ce ma wokshit. Wasu suna ganin wannan ɓata lokaci ne, to ka sani in wata rana aka aiko sanarwa cewa lot kaza yana da matsala, da wannan lambar ce kaɗai za a gano su wa aka gwada da shi a nemo su a sake musu. Tsinken Determine, wato kit ɗin da muke fara gwaji da shi, yana zuwa goma-goma a manne kamar kati, ka riƙa yagowa daga hannun dama saboda lambar lot tana gefen hagu, in ka fara daga hagu ka yar da lambar tun a tsinken farko.

Sai maganar zafi, wadda mu nan ta fi damunmu. Waɗannan kit ɗin ba a so su zauna inda zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa a bazara wajen watan Afrilu ɗaki mai rufin kwano a Birnin Kebbi ko Argungu yana haura 40 ba wasa. Kada ka bar kwali bakin taga, kada ka bar shi cikin but ɗin babur kana zagaye gari da shi. Nemi ɗakin da ya fi sanyi a asibitin, kanta ta ƙasa amma ba kan siminti ba, in kuma za ku fita gwaji ranar kasuwa a sa su cikin kula. Firiza kam a'a, ƙanƙara tana lalata su. In daga firij ka ɗauko bari su huce su dawo daidai da ɗaki kafin ka taɓa kowa da su.

Kowane kit da ruwan bafarsa yake zuwa, wato ruwan da ake ɗigawa a tsinke bayan jini, ba a aron na wani a ɗiga ma wani, kuma wallahi na taɓa ganin inda bafa ta ƙare aka ɗauko ruwan allura aka ci gaba da aiki, wannan sakamakon duk na zubarwa ne. In bafa ta ƙare aiki ya tsaya. Ka tanadi safar hannu, auduga, sifirit, abin huda yatsa, kwalin zuba allura, da agogo ko taimar waya. Duk lokacin da aka buɗe sabon lot a fara gwada shi da samfurin kwanturol da lab suke bayarwa, ɗaya wanda aka san fozitif ne ɗaya negetif, a rubuta abin da ya fito a littafinsa.

Zama da mutum

Mutum ya shigo, rufe ƙofa, ku gaisa yadda ya kamata. Dattijo ne ka ce Baba sannunku da zuwa, ya gida ya iyali, kada ka tare shi da fom tun bai zauna ba. Ka gaya masa a taƙaice mene ne gwajin, minti nawa zai ɗauka, me layi ɗaya ke nufi me layi biyu ke nufi, kuma cewa in an samu cutar akwai magani kyauta kuma mutane suna rayuwarsu da shi lafiya lau. Sannan ka nemi yardarsa. Yarda ta baki ta isa, amma dole ta fito daga bakinsa shi, ba daga bakin mijinta ko uban gidansa ko wanda ya rako shi ba. Ƙaramin yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Wanda ya ce baya so ka ƙyale shi cikin mutunci, ƙofa a buɗe take gobe.

Yanzu ka ɗauko fom ɗin karɓar mai gwaji, ka ba shi lambar sirri ta asibitinku, wadda take bin ta jiya ba tsallake ba maimaici. Wannan lambar ita ce za ta bi shi ko'ina, a fom, a wokshit, a jikin tsinke, a rajista. Suna kaɗai ba ya isa a ƙasarmu, a yini guda sai ka ga A'isha huɗu Abubakar biyar kuma sunan mahaifi ma iri ɗaya.

Shekaru: da yawa daga cikin mutanenmu na ƙauye ba su riƙe shekarunsu ba, kada ka bar gurbin fayau, kuma kada ka rubuta "babba" kawai. Ka kimanta tare da shi, shekara nawa da aure, ɗan fari ya kai nawa, sai ka sa adadi, domin rahoton wata rukuni-rukuni na shekaru yake tafiya kuma gurbin da ba adadi ba ya shiga ko'ina.

Adireshi shi ne inda na fi tsayawa. "Jega" ba adireshi ba ne. Rubuta unguwa, rubuta alama, bayan masallacin Juma'a gida na uku mai ƙofar kwano, kusa da mai injin niƙa. Bafulatanin da ke ruga ka tambayi sunan ardonsu da kasuwar da yake ci. Su kuma 'yan uwanmu da ke ƙetarowa daga Gaya ta Nijar su shigo Kamba, a rubuta gaskiyar inda suke zaune kada a laƙa musu unguwar cikin gari don a sauƙaƙa ma kai. Lambar waya kuma ka yi hattara, mata da yawa lambar maigida suke bayarwa ko ta ƙaninsu, saboda haka tambaye ta wayar wa ce wannan, in na kira wa zai ɗauka, kin yarda in kira, in wani ya ɗauka me zan ce? Rubuta amsar a gefen lambar. Ni abin da nake cewa in wani ya ɗauka shi ne daga asibiti ne muna tunatar da ita ranar dawowa, shi ke nan ba ƙari.

Akwai tambaya guda da sababbi suke mantawa: ka taɓa yin gwajin nan a baya, me aka ce maka, kana shan wani magani kullum? Zan dawo kanta a gaba don tana da nauyi. In mutum Zabarmanci yake ji ko Fulatanci ko Dakarci kuma kai ba ka ji, nemi ma'aikacin asibiti ya yi tafinta, kada ka jawo wani daga layin jira.

Gwajin kansa

Rubuta lambar mutumin a jikin tsinke kafin ka huda shi, kafin fa, ba bayan ba. Ranar cunkoso za ka jera tsinke huɗu biyar a tebur suna jiran lokaci, in babu lamba a jikinsu to ka shiga caca da rayuwar mutane, kuma in ka taɓa shakkar wane tsinke ne na wa ko da na daƙiƙa ɗaya ne, zubar da su duka ka sake.

Yatsan tsakiya ko na kusa da ƙarami, gefen kan yatsa. Manoman shinkafa da masunta fatar hannunsu tana da kauri, ka murza yatsan ya ɗan yi ɗumi tukuna. Goge da sifirit ka bari ya bushe da kansa, huda, share ɗigon farko da busasshiyar auduga, ɗauki na biyu. Kada ka matse yatsa kamar kana tatsar nono, ruwan jiki yana gauraya da jinin ya sirka shi. Determine yana son jini maikurolita 50, wato cikin ɗan bututun nan har zuwa alamarsa, ka ɗiga a kan ɗan farin ƙyallen, ka jira kamar minti ɗaya jinin ya shige sannan ɗigo ɗaya na bafa. Danna taima. Ba a karantawa kafin minti 15, ba a karantawa bayan minti 60. Uni-Gold, kit ɗin da ake tabbatarwa da shi, minti 10 ne nasa. Stat-Pak kuma, kit na uku, jini kaɗan yake so, ɗan madauki ne na maikurolita 5 da ɗigo uku na bafarsa. Takardar da ke cikin kwali ita ce alƙali, ka karanta ta duk lokacin da aka kawo sabon kaya don kamfani yakan canza wani abu.

Wajen karatu ka fara duba layin kwanturol, wato layin sama da ke nuna tsinken ya yi aiki. In bai fito ba gwajin ya lalace, ko da layin ƙasa ya fito jajir, ka rubuta a wokshit cewa ya lalace ka ɗauko sabon tsinke. In kwanturol kaɗai ya fito, bai nuna ba. In layi biyu ne, ya nuna, ko da na biyun dishi-dishi ne kamar zaren gizo. Ka karanta inda akwai haske sosai, ɗakin da ba wuta ka matsa bakin ƙofa ko ka haska da tocila, in ido ya yi maka gardama kira abokin aiki ya duba ba tare da ka gaya masa abin da kai ka gani ba.

In allura ta soke ka, wanke wurin da ruwa da sabulu, sanar da shugaban asibiti, a rubuta, a fara maka maganin kariya cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, kuma kwana 28 ake sha.

Layi biyu a tsinken farko

Nan ne zuciyar maganar tawa. Tsinken farko tankaɗe ne kawai. An yi shi ne ya kama duk wanda ake zargi don kada mai cutar ya kuɓuce, saboda haka wani lokaci yakan haɗa da wanda ba shi da komai. Binciken ƙasa da aka yi a 2018, wanda ake kira NAIIS, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya, yankinmu na Arewa maso Yamma kuma shi ne mafi ƙaranci, wajen kashi 0.6. Wannan abin godiya ne ga Allah, amma yana da wani sharaɗi a kanmu masu gwaji. Mu yi lissafi na misali. Ka gwada mutum 1,000 a inda 6 ne kawai ke da ita. A ce tsinkenka yana kuskure sau ɗaya tak cikin 100, to wajen mutum 10 masu lafiya garau za su nuna layi biyu. Ka ga mutum 16 ke nan a gabanka da layi biyu, 6 ne kawai na gaskiya. In ka tsaya a tsinken farko ka jefa mutum goma cikin baƙin cikin da ba nasu ba.

Shi ya sa aka jera gwajin hawa-hawa. Tsarin da muka daɗe muna bi shi ne Determine a farko, in ya nuna a tabbatar da Uni-Gold, in suka saɓa a kawo Stat-Pak ya raba gardama. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sai gwaji uku daban-daban sun nuna a jere kafin a ce ma mutum yana da ita, saboda irin wancan lissafin. Kai dai ka bi jadawalin da ma'aikatar lafiya ta aiko muku na yanzu, ka manna shi a bango daidai inda idonka yake sauka, kuma kada ka sauya jerin don wani kit ya ƙare. In kit ɗin tabbatarwa babu, ba ka da sakamakon da za ka bayar, ka rubuta takardar turawa zuwa inda suke da shi, ka gaya ma mutumin gaskiya cewa gwaji bai kammala ba. Haka wanda ya zo da abin gwajin kai na baki irin OraQuick ya ce ya nuna masa a gida, shi ma daga tsinken farko za ka faro masa.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa da ita. Goggonta ce ta kawo ta, saura mako biyu ɗaurin aure, ta zauna ta ja hijabi har kan hanci, hannunta riƙe da wata 'yar takarda da ta ninke ta ninke har gumi ya jiƙa ta ta fara yagewa. A wani wuri aka yi mata gwaji da tsinke ɗaya aka rubuta fozitif aka miƙa ma goggon a hannu. Goggon tana tsaye kaina tana cewa likita don Allah mi kag gani, na ce Inna ku ɗan jira mu a waje, ita zan fara yi ma magana. Tsinken farko ya ba da layi siriri, na biyu bai nuna ba, na uku bai nuna ba. Na sa ta dawo aka sake, babu komai. Da na gaya mata ba ta ce uffan ba, ta dai buɗe tafin hannunta ta bar takardar nan ta faɗi ƙasa. Amma kafin su zo wurinmu magana ta riga ta kai gidan ango, har an aiko an kwashe lefe. Tsinke biyu da minti talatin ne kawai aka hana yarinyar nan.

Faɗin sakamako

Mai shi kaɗai ake gaya ma, a ranar, baki da baki. Ko gwajin kafin aure ne suka zo tare, kowa ya fara jin nasa shi kaɗai, sannan in sun yarda a haɗa su. Kuma kada ka kuskura ka sa hannu a takardar sakamako ga wanda ba ka gwada da hannunka ba, ko ɗan wa ne, ko an ce ango yana Legas ba zai samu zuwa ba.

Wanda bai nuna ba ka tambaye shi ko cikin 'yan makonnin nan akwai abin da ya faru da yake tsoro, domin jiki yana ɗaukar lokaci kafin ya fitar da abin da tsinken ke kamawa. In akwai, ya dawo bayan wata uku a sake, ka rubuta ranar a katinsa. Wanda gwajinsa ya saɓa kuma aka kasa rabewa, ba fozitif ba ne ba negetif ba ne, ka gaya masa haka a fili, ya dawo bayan kwana 14, ka rubuta shi a matsayin wanda ba a tantance ba.

Wanda aka tabbatar, faɗa masa kai tsaye da murya a kwance, sannan ka yi shiru ka ba shi lokaci. Kada ka cika shi da wa'azi, kada ka tambaye shi ina ya samo. In ya natsu ka gaya masa yau ba kamar da ba ce, tun 2016 Najeriya ta koma tsarin duk wanda aka samu a fara masa magani ba jira, yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma wanda ya riƙe ta har ƙwayar cutar ta kwanta a jininsa ba ya sa ma matarsa ta wajen kwanciya. A wurin ba da magani za su sake gwada shi kafin su fara, ka sanar da shi tun yanzu don kada ya ɗauka ana shakkar aikinka. In asibitinku na ba da magani raka shi da ƙafarka har ɗakin. In sai an tura shi babban asibitin ƙaramar hukuma ko asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, cika takardar turawa, ka riƙe kwafi, ka tambaye shi wanne ya fi masa, don wasu sun fi son nesa da gida inda ba a san su ba kuma wannan haƙƙinsu ne. Maganar gwada mata ko miji da yara ƙanana a kawo ta a hankali, da yardarsa, ita ma tana da nata fom da tata rajista.

Rajista

Mutum ɗaya layi ɗaya, kuma a cika layin kafin na gaba ya shigo. Biro baƙi ko shuɗi, ban da fensir. Abin da tsinken farko ya nuna a gurbinsa, na biyu a nasa, na uku a nasa, sannan sakamakon ƙarshe. Na sha ganin rajistar da aka rubuta fozitif a gurbin ƙarshe amma gurbin gwaji na biyu fayau, in mai duba aiki ya zo ba yadda zai san an yi an manta rubutawa ne ko ba a yi ba sam, kuma kai ma bayan wata biyu ba za ka tuna ba. Ka nuna ta ina mutumin ya shigo, awon ciki ne, ɗakin tarin fuka ne, gadon kwanciya ne, fita kasuwa ne, ko iyalin wanda aka samu ne. Ka nuna ya karɓi sakamakonsa ko ya tafi bai karɓa ba. Ka sa hannu. In ka yi kuskure ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, rubuta daidai a gefe, sa harufan sunanka da kwanan wata. Ban da farin fenti na gogewa, ban da yage shafi.

To ga tambayar nan da na ce zan dawo kanta. Akwai masu shan magani tun shekaru da suke zuwa a matsayin sababbi, wani an ba shi maganin gargajiya an ce ya warke yana so ya gani, wani ya sauya gari yana jin kunyar cewa ya sani. Matsala biyu ce a nan. In ka rubuta shi sabon kamu ka ƙara adadi na ƙarya. Wadda ta fi muni kuma, mutumin da ya daɗe kan magani wani lokaci tsinke yakan ƙi nunawa ko ya nuna dishi-dishi, sai ya tafi da murna ya watsar da maganinsa alhali cutar tana nan. Don haka ka yi tambayar da taushi ba kamar ɗan sanda ba, in ya amsa kada ka gwada shi, ka mayar da shi ga masu ba shi magani a duba nauyin ƙwayar cutar a jininsa.

Mai ciki tana shiga rajistar awon ciki da ta kare jariri, a gwada ta a zuwan farko, wadda ba ta nuna ba a sake mata can gaba wajen ƙarshen ciki ko lokacin haihuwa. Ku daidaita da ungozomar asibiti a kan wa ke ƙirga ta don kada mace ɗaya ta fito sau biyu a rahoto. Jariri ƙasa da wata 18 kuma tsinke ba ya yanke masa hukunci, abin da yake kamawa na uwar ne da ya bi jininsa, shi sai a ɗiga jinin diddigensa a katin nan na busasshen jini wajen mako 6 da haihuwa a aika lab. Rubuta ranar da aka ɗauka, ranar da aka aika, ranar da sakamako ya dawo, da ranar da uwar ta ji.

Sirri

Garuruwanmu ƙanana ne, mai shara ƙanwar wani ce, mai gadi surukin wani ne. Rajista ba ta kwana kan tebur, kabad mai makulli, kuma a san su wa ke riƙe da makullin. In kana rubutu mutum na zaune gabanka rufe layukan sama da takarda, ido yana da sauri. Ni ba na son al'adar nan ta zagaye masu fozitif da jan biro, daga bakin ƙofa ake hango su. Ɗaukar hoton shafi a tura ta WhatsApp wai don a yi saurin haɗa rahoto, wannan ku bar shi kwata-kwata, adadi ake turawa ba sunaye ba, wayarka yara suna wasa da ita a gida. Inda ake shigar da bayanai a kwamfuta kowa ya riƙe lambar sirrinsa shi kaɗai. Miji ko uba ko mai unguwa ya zo yana tambaya, ka ce ranka ya daɗe aikinmu bai yarda mu faɗi ko wa ya zo ko bai zo ba, ka tsaya a nan komai girmansa. Akwai dokar tarayya ta 2014 da ta hana nuna wariya ga masu ɗauke da cutar kuma ta kare sirrinsu, amma tun kafin doka ai amana ce aka ba ka.

Ƙarshen yini da ƙarshen wata

Kafin ka rufe ɗaki ƙirga tsinken da ka yi amfani da su ka gwama da wokshit. Mutum 23 aka gwada, biyu sun lalace an sake, biyu na kwanturol, to Determine 27 ya kamata su fita daga kati na kaya. In lissafi bai hau ba nemo dalilin yau, gobe ka manta. In kun fita kasuwa ko ƙauye a kwafe wokshit cikin rajista a ranar. Kit ɗin da ekspayarsa ta fi kusa shi ake fara ɗauka. Tun farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta na waje kowa ya ga yadda kayan nan suke iya yin wuya, kuma abin da ka rubuta a fom ɗin neman kaya na bayan wata biyu shi ake dubawa a aiko maka, in ka rubuta shaci-faɗi ko dai kit ya yanke maka ko ya lalace a kanta.

Ƙarshen wata ja layi ƙarƙashin mutum na ƙarshe, ƙirga maza da mata rukuni-rukuni na shekaru, ka sake ƙirgawa, in da hali wani ya ƙirga daban ku gwama. Mutane ake ƙirgawa ba tsinke ba. Cika fom ɗin taƙaitawa na wata, shugaban asibiti ya sa hannu, kwafi ɗaya ya zauna wurinku ɗaya ya tafi ga jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma wanda zai shigar a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, daga nan jiha da Abuja suke ganinsa. Watan da ba a samu ko mutum ɗaya ba rubuta sifili, kada ka bar gurbi, kuma kada wani ya matsa maka ka ƙara adadi don wai ana son a ga aiki.

Bayan rahoto ya tafi sai in koma kan kwafin takardun turawa da na ranar dawowa. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya, in kira asibitin da na tura mutum in ba su lambarsa in ji ko ya iso, in ya iso in rubuta ranar da lambar da suka ba shi a layinsa na rajista. Waɗanda ba su isa ba da waɗanda kwana 14 ɗinsu ya wuce ba su dawo ba nakan fitar da lambobinsu a wata 'yar takarda in sa a aljihun riga, ranar Litinin da su nake fara kira kafin in buɗe kwalin kit.